Mafarki a Kan Ƙyalle: Zanen Suriyalizim da Buga Shi



Duk wanda ya taɓa farkawa tsakar dare gabansa yana faɗuwa ya san cewa mafarki ba ya bin ƙa'idar rana. A cikinsa mamaci yakan yi magana, ɗaki ya zama rijiya. Wannan hali shi ne wasu masu zane suka ƙudura niyyar ɗorawa a kan ƙyalle, bayan da André Breton ya fitar da sanarwar aƙidar Suriyalizim a birnin Faris a 1924. Sun dogara da ra'ayin Sigmund Freud cewa mafarki ƙofa ce ta abin da zuciya ke ɓoyewa.

Dabararsu ita ce a zana abin da kowa ya sani daidai-wa-daida, sa'an nan a karya ɗabi'arsa. A 1931 Salvador Dalí ya zana agogon aljihu sun yi laushi, ɗaya ya rataya a reshe kamar ɗanyen nama. A 1928 René Magritte ya zana masoya biyu, kowannensu an lulluɓe kansa da zane. Ba dodo ke tsorata mu a nan ba. Abin da muka amince da shi ne ya juya mana baya.

To, yaya waɗannan zane-zane suka iso gare mu? Ta hanyar ɗab'i. Asalin agogon Dalí yana gidan adana zane na zamani a New York, tsawonsa santimita 24 ne, faɗinsa 33, wato bai wuce faifai ba. Injin ɗab'i kuwa yakan kumbura shi ya cika bango, launinsa ya sauya, sawun burushi ya ɓace. Ido kuma wa ka raina? Wanda kake gani kullum. Firgicin sai ya koma ado.

Wajibi ne a bambanta kwafen inji da bugun hannu. Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a Kwalejin Zariya kuma yana cikin ƙungiyar ɗaliban zane da aka kafa can a 1958, yakan sassaƙa siffofin almarar Urhobo a kan faranti, ya buga adadi ƙayyadadde, ya sa lamba da hannu. Kowane ɗaya asali ne. Shi kuwa Dalí, ya sa hannu a kan dubban fararen takardu, aka buga jabu a kansu, masu saye suka yi asara.

Saboda haka ɗalibin da ya fito daga Anka, Gummi ko Bukkuyum, in ya ci karo da irin wannan hoto, ya tambayi girman asalinsa, da wanda ya buga shi, da yawan kwafensa, kafin ya yanke masa hukunci ko ya biya kuɗi.