Ban ruwan ɗigo-ɗigo ga itatuwa a Zangon Lome: Abubuwan da ya kamata ka sani

Kowace ranar 1 ga watan Yuni ana bikin dashen itatuwa a Togo. An soma shi a 1977, shekarar da hukuma ta tashi tsohon Zango daga tsakiyar Lome ta mai da shi arewacin gari, wajen Agoe. Dashe a Yuni ba wuya, damina ce. Wuyar sai Disamba zuwa Fabrairu, hunturu ya busar da ƙasa, mai dashe kuma ya koma harkar kasuwarsa.

Lome ma tana ƙishi?

Baƙo in ya ga teku sai ya ɗauka ruwa ya wadata. Ina! Ruwan saman Lome da ƙyar yake kai milimita 900 a shekara, na Legas kuwa ya haura 1,500.

Yadda abin yake

A ban ruwan ɗigo-ɗigo, ganga ko jarka ake ɗorawa a bisa, kamar tsayin mutum, a ja siririn tiyo zuwa gindin itace. A jikin tiyon akwai 'yan bakuna da ke sakin lita 2 ko 4 a awa. Baki biyu masu lita 4 za su shanye jarka mai lita 25 cikin kusan awa 3, ko fiye idan gangar ba ta yi bisa sosai ba.

Amfanin yana cikin jinkirin. Ka kwara bokiti guda a gindin mangwaro, wani ya malale, wani rana ta sha, a rairayin bakin teku kuma saura ya zarce ƙasa ya bar saiwa. Ɗigo kuwa yana jiƙa inda saiwar take, a hankali, gwargwadon yadda take iya sha. Ciyawa ma ba ta samun rabo sosai.

Kamfanin Netafim na Isra'ila, wanda aka kafa a 1965, yana cikin waɗanda suka fara sayar da fasahar. Wadda ta fi dacewa da mu ita ce ta cibiyar ICRISAT da ke Sadore a Nijar, inda wani masani, Dov Pasternak, ya haɗa kayan lambu da dabino a tsarin da ba ya son injin turo ruwa.

Inda ake yin asara

Toshewa ce babbar matsala. Ruwan rijiya mai laka yana liƙe bakunan, saboda haka a tace shi, ko da da ƙyalle, a riƙa buɗe ƙarshen tiyo ana wanke shi. Rijiyar da ke kusa da teku takan yi zartsi, gishirinta kuma a gefen jiƙon yake taruwa.

Kuskuren da na fi gani shi ne barin bakin tiyo manne da jikin itace har shekaru. Saiwa masu shan ruwa suna yaɗuwa ne har ƙarshen inuwar rassa. Duk lokacin da itacen ya ƙara faɗi, a ja tiyon waje, a ƙara baki, a rufe ƙasar da busasshen ganye. Akuyar maƙwabci kuma sai shinge.