Sautin Wasannin Kwamfuta: Sana'ar da Karatun Fasahar Kiɗa Ke Buɗe wa Matasan Basawa da Samaru

Fasahar kiɗa fanni ne da ke koyar da yadda ake ɗaukar sauti, a tace shi, a haɗa shi da na'ura. Ɗalibin wannan fanni yana karanta ƙa'idojin kiɗa, da kimiyyar yadda sauti ke tafiya cikin iska ya bugi bango ya dawo, da sarrafa makirfo, da manhajojin haɗa kiɗa irin su Cubase, Pro Tools da FL Studio. A nan yake sanin cewa kunnen ɗan Adam yana jin girgizar da ta kama daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, kuma kwamfuta kan auna sauti sau 44,100 ko 48,000 cikin daƙiƙa guda kafin ta adana shi. Yawancin masu wannan ilimi kan nufi situdiyo, gidan rediyo ko harkar fim. Akwai kuma wata ƙofa da ba a cika sani ba a Arewa, wato sautin wasannin kwamfuta da na waya.

Sautin wasa ya bambanta da na fim. A fim, an san daƙiƙar da jarumi zai buɗe ƙofa, sai a ajiye ƙarar ƙofar a daidai wurin. A wasa kuwa mai wasan ne ke yanke shawara: yana iya gudu, ya tsaya, ko ya koma baya. Dole sautin ya riƙa binsa, kamar yadda mai kalangu a filin dambe ke kallon ɗan dambe, ya zafafa kiɗa idan an kai naushi, ya sassauta idan an ja da baya. Saboda haka ake tsara kiɗan wasa kashi-kashi, yadda na'ura za ta ƙara ganga idan haɗari ya matso, ta janye ta idan ya wuce. Takun ƙafa ma akan ɗauke shi iri-iri, na kan yashi daban, na kan siminti daban, don kada kunne ya gaji da maimaici.

Aikin ya kasu gida-gida. Akwai mai tsara kiɗa, da mai ƙirƙirar ƙararraki, da mai ɗaukar muryoyin 'yan wasa, sai kuma mai dasa sautin cikin wasan. Shi na ƙarshen yana aiki da manhajoji irin su FMOD da Wwise, waɗanda ke haɗa sauti da injinan gina wasa kamar Unity da Unreal. A wannan gaɓa ce karatun jami'a ke nuna amfaninsa, domin ana bukatar kunnen makaɗi tare da sanin lissafi da rubuta umarnin kwamfuta.

Tarihin sana'ar ya nuna haka. Koji Kondo, wanda ya yi karatu a jami'ar fasaha ta Osaka a Japan, ya shiga kamfanin Nintendo a 1984, ya tsara kiɗan Super Mario Bros. a 1985 da na'urar da ba ta iya fitar da sauti fiye da biyar a lokaci ɗaya. A 2011, waƙar Baba Yetu, wadda Christopher Tin ya tsara da harshen Suwahili don wasan Civilization IV, ta zama waƙar wasa ta farko da ta ci kyautar Grammy. A Afirka ma kamfanoni sun taso: Maliyo Games a Legas tun 2012, da Leti Arts a Ghana, da Kiro'o Games a Kamaru.

A Najeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen kiɗa a farkon shekarun 1960, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan tana da sashen fasahar kiɗa. Matashin Basawa kuwa yana maƙwabtaka da Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a Samaru, Zariya, a 1962, inda ake koyar da kimiyyar kwamfuta, da aikin jarida, da wasan kwaikwayo. Waɗannan su ne fannonin da ke kewaye da sautin wasa. Ɗalibin kwamfuta da ke gina ƙaramin wasa yana bukatar mai sauti, shi kuma mai buga fiyano a situdiyon Sabon Gari yana bukatar wasan da zai gwada hannunsa. Haɗuwarsu su biyu ita ce matakin farko.

Babban jarin ɗan ƙasar Hausa shi ne sautin da ke kewaye da shi. Kalangu da kotso, goge da kukuma, gurmi da garaya, algaita da kakaki, duk suna da amon da ba a cika samu a taskokin sauti na ƙetare ba. Haka ma hayaniyar kasuwar Samaru, da ƙarar Keke Napep, da kukan ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya. Wanda ya iya ɗaukar waɗannan da tsabta, ya biya makaɗan haƙƙinsu, yana da hajar da zai kai kasuwa.

Masu ɗaukar ma'aikata a wannan fanni sukan nemi ganin samfurin aiki kafin takardar shaida. Ɗalibi yakan ɗauki bidiyon wasa na minti ɗaya ko biyu, ya cire sautinsa, ya sa nasa, sannan ya nuna ƙaramin wasan da ya dasa wa sauti da kansa. Ana iya sauke FMOD da Wwise kyauta don koyo, kuma aiki da yawa ana yin sa daga nesa ta intanet. Abin da ake bukata a fara shi ne kwamfuta mai ɗan ƙarfi, da makirfo, da abin sauraro na kunne mai kyau, da tanadin wuta mai amfani da hasken rana saboda ɗaukewar lantarki. Sauran kuma haƙuri ne da yawan gwaji.