Tsoffin hotunan Zangon Wagadugu: yadda za a ƙara musu girma ba tare da sun dushe ba

A shekarar 2003 aka rushe Zangwetin, tsohon zangon Hausawan Wagadugu, saboda shirin ZACA na sake gina tsakiyar birni. Gidajen sun tafi, amma hotunan biki da na suna suna nan a akwatunan iyalai. Yanzu ana ɗaukarsu da waya a tura wa dangi a Yamai, Kumasi ko Kano, sai dai in aka je wanke babba, fuska ta fito dishi-dishi.

Hoton waya ko kwamfuta tarin ɗige-ɗige ne da ake kira fiksel. Rage girmansa zubar da ɗige-ɗige ne, ƙara girma kuwa ba ya dawo da abin da aka zubar. Kati mai santimita 10 a 15 yana buƙatar fiksel kusan 1200 a 1800. Mai son a ninka shi, sai ya ce wa mai sikana ya sa dpi 600 maimakon 300.

WhatsApp na matse hoto kafin ya tura, don haka a aika shi a matsayin «Document». JPEG ma yana raguwa duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa. A ajiye na asali gefe, a yi aiki da kwafi, a kulle tsawo da faɗi tare kada fuska ta baje.

Manhajojin da ke "gyara" tsohon hoto kuwa, a yi hattara da su: abin da ba su gani ba ƙirƙirarsa suke yi, har kaka ta fito da idon da ba nata ba.