Sayen Kwamfuta: Sabuwa Ko Ta Hannu?

'Yan'uwa, yau za mu yi magana a kan wani ciniki da iyayenmu ba su san shi ba. Idan kaka ta yi, manomi ya kai riɗinsa kasuwar Sara ko ta Babaldu ya sayar, sai ɗansa ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, a makaranta an ce sai da kwamfuta." Yaron bai yi ƙarya ba. Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB, watau ta shiga jami'a, da kwamfuta a ke rubuta ta. A wurin jarrabawa a kan ba kowa tasa, amma wanda bai taɓa taɓa ta ba ya kan ruɗe. Wanda kuwa ya sami shiga Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ko wata babbar makaranta, da ita zai riƙa rubuta aikinsa.

Irin wadda yara ke so ita ce ta tafi-da-gidanka, wadda su ke kira laftof. Tana da murfi, ana buɗe ta kamar littafi, ana rufe ta a sa a jaka. Kuɗinta ba kaɗan ba ne. Wani sai ya sayar da buhunan amfanin gona, wani sai ya fid da sa. Saboda haka tilas mu san abin da za mu saya, kada wahalar damina ta tafi a banza.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, sabuwa ta fi, ko ta hannu? To, bari mu bi maganar sannu a hankali.

Ba Duka Aka Ƙera Su Daidai Ba

Ku tuna da keke. Dattawanmu sun san Raleigh. Wani ya hau shi shekara ashirin, ya bar wa ɗansa. Ga kuma wani sabon keke mai sheƙi, mai araha, kafin damina biyu ƙarfensa ya lanƙwashe. Dukansu keke ne, amma ƙira ba ɗaya ba ce.

Haka kwamfuta ta ke. Kamfani guda ya kan ƙera iri biyu. Akwai ta ofis, wadda a ke yi wa bankuna da ma'aikatu. Akwai kuma ta gida mai sauƙin kuɗi. Ta ofis an yi ta don aikin yini guda, kullum, shekara da shekaru. Jikinta ya kan zama da ƙarfe mara nauyi ko roba mai tauri. Gaɓar da ke haɗa murfi da gindi, wadda ta ke kamar hinjin ƙofa, tana da ƙarfi. Yawancinsu kuma ana iya kwance su a sake abin da ya lalace. Ta gida mai araha kuwa, an rage mata abubuwa don kuɗinta ya sauka. Robarta sirara ce, sau da yawa gaɓar nan ce ke fara karyewa.

Ga sunayen na ofis da aka fi samu a ƙasarmu. Kamfanin HP yana da EliteBook da ProBook. Kamfanin Dell yana da Latitude. Kamfanin Lenovo yana da ThinkPad, wadda asalinta ta kamfanin IBM na Amurka ce, kafin Lenovo na ƙasar Sin ya saye wannan sashe a 2005. Ku rubuta sunayen nan a littafinku. An buga su a jikin kwamfuta, wanda ya iya karatu zai gani da idonsa. Wannan ma yana cikin amfanin zuwa aji.

Ina Ta Hannu Ta Ke Fitowa?

A Turai da Amurka manyan kamfanoni su kan sake kwamfutocin ma'aikatansu bayan shekara uku ko huɗu, ko da ba su lalace ba. Dillalai su saye, a loda a jirgin ruwa zuwa Ikko, watau Legas. Daga can fatake su kawo su Kano, a kasa su a shagunan titin Beirut da kasuwar Farm Centre. Daga Kano su ke isowa Dutse da Birnin Kudu da Gwaram.

Don haka ne mu ke cewa da tsohuwar zuma a ke magani. Da kuɗin da za ka sayi sabuwa mafi araha, sau da yawa kana iya samun ta ofis ta hannu wadda ta fi ta ƙarfin jiki da saurin aiki.

Amma fa ba duk abin da jirgi ya kawo ne mai rai ba. Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi bincike a tashoshin jirgin ruwa na Legas a 2015 da 2016. An tarar da dubban tan na kayan lantarki na hannu waɗanda matattu ne tun daga can, da yawa an cusa su cikin tsofaffin motoci aka shigo da su. Akwai kuma wadda ta sha wuya a hannun mutum uku a nan gida, aka goge ta, aka sake mata murfi, ta fito fes. Irin wannan kyan ɗan maciji gare ta.

Abin Da Sabuwa Ta Fi

Kada mu zalunci sabuwa. Ta fi ta hannu a wuri uku.

Na fari, batir. Batirin kwamfuta kamar na waya ne, yana tsufa. Bayan an cika shi an ƙarar da shi sau ɗari uku zuwa ɗari biyar, sai ƙarfinsa ya fara raguwa sosai. Zafi kuma yana hanzarta mutuwarsa. A birni wannan ƙaramar magana ce. A ƙauyukanmu kuwa, inda wuta ke zuwa ta tafi, wani wuri ma babu turakun wuta sam, kwamfutar da batirinta ya mutu ta zama dutse.

Na biyu, alkawarin kamfani. Sabuwa ta kan zo da takardar garanti, galibi na shekara guda. Idan ta lalace ba da laifinka ba, a gyara maka. Mai sayar da ta hannu kuwa, kwanaki kaɗan ya kan bayar, wani ma ba ya ba da ko ɗaya.

Na uku, shekarun da suka rage mata. Kwamfuta ba ta aiki sai da manhaja, watau tsarin da ke tafiyar da ita. Wadda aka fi sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro irin na kullum. Ba wai kwamfutar za ta mutu ba. Tana rubutu, tana lissafi. Amma ta zama kamar gidan da dangarsa ta faɗi ba a gyara ba, ɓarayin intanet sun fi samun hanya. Windows 11 kuwa ba ta yarda da tsofaffin kwamfutoci. Saboda haka ta hannu da ta tsufa ƙwarai, kome ƙarfin jikinta, kwananta ya kusa.

Yadda A Ke Duba Haƙoranta

Wanda ya je sayen san huɗa ba ya tsayawa ga kyan fata. Ya kan buɗe bakin sa ya duba haƙora, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Kwamfuta ma tana da haƙora. Ga abubuwa uku da za ku tambaya, kuma ku ce a nuna muku a fuskarta, ba da baki kawai ba.

Na ɗaya, ƙwaƙwalwarta. Yawancin na ofis suna da ta kamfanin Intel, za ku ga an rubuta i5 ko i7, sa'an nan wata lamba ta biyo baya. Farkon lambar nan shi ne shekarunta. Idan an rubuta i5-8250U, ta fara da 8 ke nan, tana karɓar Windows 11. Wadda ta fara da 9, ko 10, ko 11, ta fi ta ƙuruciya. Idan kuwa an rubuta i7-3520M, ta fara da 3, tsohuwa ce tun wajen 2012. Kada mai shago ya ruɗe ku da cewa 7 ta fi 5.

Na biyu, ram. Wannan kamar masussuka ce, inda a ke baza aiki. Idan ta yi ƙanƙanta, aiki ya cushe. Da gig a ke auna ta. Gig 4 ta yi kaɗan yanzu, a nemi 8.

Na uku, ma'aji, watau rumbunta. Iri biyu ne. Tsohon iri yana da faifai a ciki mai juyawa kamar na garmaho. Ba ya son girgiza, idan ya faɗi ya kan lalace da duk abin da ke ciki. Sabon iri, wanda a ke kira SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa. Ya fi sauri nesa ba kusa ba, ya kuma fi jure wa hanya. Wanda zai ɗora jakarsa a bayan babur daga ƙauye zuwa Gwaram, SSD ya kamata ya nema, ko da na gig 256 ne.

Ranar Ciniki

Ba a cinikin biri a sama. Kada ku aika da kuɗi ga wanda ba ku sani ba don kun ga hoto a waya. Ku tafi da kanku, ku ɗauki wani mai amana wanda ya san abin, ko malamin makaranta, ko ɗalibin da ya daɗe yana aiki da ita. Ku zauna a shago, kada ku yi gaggawa.

Ku zare wayar caji, ku bar ta tana aiki rabin sa'a, ku ga yadda batir ke sauka. Idan ta mutu nan take, ku sa kuɗin sabon batir cikin ciniki. Idan kun ga jikinta ya kumbura, batir ne ya kumbura, yana iya kama wuta, ku bar ta.

Ku buɗe murfi ku rufe sau da yawa, ku ji ko gaɓa tana ƙara ko ta yi sako-sako. Ku danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Ku duba fuska ko da tabo ko layi. Ku gwada kowace kafa da a ke soka abu, da sauti, da kyamara, da kamun intanet. Ku sa hannu inda iska ke fita, ku ji fanka tana hurawa.

Ku kashe ta ku sake kunnawa. Idan ta nemi kalmar sirri wadda mai shago bai sani ba, ko ta nuna sunan wata ma'aikata ta ƙi wucewa, ku tashi. Mai yiwuwa kayan sata ne, wanda aka kama da kayan sata kuwa sai ya yi bayani gaban hukuma.

Daga ƙarshe ku karɓi rasit. A rubuta sunan shago, da kwanan wata, da lambar da ke ƙarƙashin kwamfuta, da yawan kwanakin gwaji da aka ba ku. Ku karanta da kanku kafin ku miƙa kuɗi.

Bayan An Kawo Ta Gida

Sabuwa da tsohuwa, maƙiyansu ɗaya ne a ƙasarmu: ƙura, da zafi, da ruwa, da muguwar wuta. Ƙurar hunturu tana toshe hanyar iska, sa'an nan zafin bazara ya ƙarasa ta. Kada a ɗora ta kan katifa ko bargo, a sa ta kan tebur ko allo mai tsabta. In an gama, a rufe a sa a jaka. A nisanta ta da kofin shayi da ƙananan yara. Kada a bar ta a rana. A yi caji da cajarta ta ainihi, domin caja ta jabu da janaretan da wutarsa ke hawa da sauka sun kashe kwamfutoci da yawa. Shekara-shekara a kai ta wurin mai gyara ya share ƙurar ciki.

To, wace za mu saya? Wanda Allah ya hore masa kuɗin sabuwa mai kyan ƙira, ya saya, hankalinsa ya kwanta. Wanda kuɗinsa kaɗan ne, kamar yawancinmu, ta ofis ta hannu wadda ba ta tsufa ƙwarai ba, aka kuma gwada ta sosai, ta fi masa sabuwa mai araha. Ya rage wani abu a aljihu saboda batir. Wanda kuwa ba shi da mai duba masa, gara ya dakata har ya samu. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya sa wa karatun yaranmu albarka, amin.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin kwamfutar ofis da ta gida mai araha?
2. Faɗi wuri uku da sabuwa ta fi ta hannu.
3. An rubuta i5-8250U a wata, an rubuta i7-3520M a wata. Wace ce ta fi tsufa?
4. Don me SSD ya fi dacewa da mai tafiya a babur?
5. Rubuta abubuwa huɗu da za a sa a rasit.