Me Ya Sa Tsuntsaye Ke Daina Tsoron Mutum-mutumi?

Ana iya kasa halayen dabbobi gida uku.

Na farko shi ne halin da ake haihuwar dabba da shi. Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai ba ya daɗewa sai ya fara caccakar tsaba. Ɗan maraƙi kuma ya miƙe ya nemi nonon uwarsa. Ba wanda ya koya musu.

Na biyu shi ne halin koyo. Jakin da ya saba da hanyar Gangara zuwa kasuwar Jibiya yakan komo gida ko da mai shi yana gyangyaɗi. Wani masani ɗan Rasha, Ivan Pavlov, ya riƙa yin wata ƙara kafin ya ba karnuka abinci, har ta kai da sun ji ƙarar sai yawu ya zubo musu.

Na uku shi ne zaman tare. Gara kan haɗu su gina suri. Tsuntsayen jan-baki kuwa dubbai suke tashi tare, ba ruwansu da iyakar Najeriya da Nijar.

Duk ukun suna haɗuwa a gonar gero. Tsoron baƙon abu halitta ce ga tsuntsu. Amma idan mutum-mutumi ya daɗe wuri ɗaya bai motsa ba, sai su gane ba ya cutarwa. Da kaɗan sun sauka, sauran za su biyo, hatsi ya salwanta.

Saboda haka idan an tura ku tsaron gona, ku riƙa sauya masa wuri da riga, ku rataya gwangwanaye masu ƙara.