Yadda Ake Yaƙin Farfaganda da Tsohon Miki

Da an ambaci yaƙin farfaganda, hankali kan tafi ga labaran ƙarya da hotunan bogi. Sai dai ƙarya tsagwaronta raminta ƙurarre ne, masu tantance labarai na iya tona ta cikin yini guda. Abin da ya fi ta ɓarna shi ne iya magana, wato mai jawabi ya laluɓo tsohon mikin da ke zuciyar mai sauraro, ya fama shi, sannan ya miƙa buƙatarsa.

Ɓangarorin yaƙin Yukren duka biyun sun bi wannan hanya. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 Putin ya ce zai kawar da 'yan Nazi daga Yukren, yana sane da cewa Tarayyar Sobiyat ta rasa mutum kusan miliyan 27 a yaƙin duniya na biyu. Zelensky kuwa, a watan Maris, ya riƙa yi wa majalisun dokoki jawabi ta bidiyo, kowa da inda zai sosa masa: Amurkawa ya tuna musu harin 11 ga Satumba, Jamusawa kuma katangar Balin.

Salon ya iso Sahel. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, an ga matasa a titunan Yamai riƙe da tutocin Rasha, ƙasar da ke nanata cewa ba ta taɓa yi wa Afirka mulkin mallaka ba. Wani zai ce ai ba Rasha ta ƙirƙiro fushin da ake yi da Faransa ba, tun da an shafe gomman shekaru ana kwasar yuraniyom daga Arlit talaka na kwana cikin duhu. Haka ne, kuma nan ƙarfin dabarar yake, domin babu mai tantancewar da zai ƙaryata ƙorafi na gaskiya. Yaudarar tana cikin abin da aka tsallake. Mai kirarin 'yantar da Afirka ba zai ambaci Moura ta Mali ba, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin ƙasar da mayaƙan waje sun kashe aƙalla mutum 500 a Maris 2022. Faransa ma hannunta ba tsarkakakke ba ne: a Disambar 2020 Facebook ya rufe shafukan bogi masu alaƙa da Rasha da wasu na kusa da sojojin Faransa, suna kokawar shawo kan 'yan Afirka.

Saboda haka bai wadatar ba mai sauraro ya tabbatar da cewa maganar gaskiya ce. Kafin ya tura ta a WhatsApp, ya san wa ya biya kuɗin yaɗa ta, kuma wane ma'adini ko wane sansanin soja ake nema a bayanta.