Dodon da Ke Kwana a Cikin Gida

Wata Asabar na je gida Yalwan Damai, na tarar da ɗan wana ya rakuɓe a zaure ya ƙura wa waya ido. Na ɗauka ƙwallo yake kallo. Da na leƙa sai na ga zane ne baƙi da fari: wata mace siririya ta saɓa takobin da ya kusa kai tsawonta. Ya ce, "Baffa, daga dama ake karantawa, kamar allo." Abokinsa ne ya turo masa daga Birnin Kudu. Na karɓa don in ga abin da ke cinye wa yara lokaci, sai ga ni har kiran la'asar ban ɗaga kai ba.

Japanawa na kiran irin wannan littafi manga, wato labari cikin zane. Sunan wannan Claymore, Norihiro Yagi ne ya zana shi. Ya fara fitowa a 2001, ya kammala a 2014 cikin juzu'i 27, an kuma yi fim ɗin zanensa a 2007. Yana cikin jerin labaran nan masu duhu, inda jini ya fi dariya yawa, jarumi kuma ko ya yi nasara ba ya samun barci. Babban wansu shi ne Berserk na Kentaro Miura, wanda ya faro a 1989, mai shi ya rasu a 2021 bai kai ƙarshensa ba. Iyaye su sani, waɗannan ba katun ɗin yara ba ne. Akwai shafukan da ban so a ce yaron ya gani ba.

A duniyar Claymore akwai wani dodo, Yoma, mai cin kayan cikin mutum. Muguntarsa ba a ƙarfi kawai take ba. Idan ya cinye mutum sai ya ɗauki kamanninsa da muryarsa, har da abin da ya sani, ya koma gidansa ya zauna. Gari ya waye a tsinci gawa, kowa na kallon maƙwabcinsa. In abin ya ishi mutanen gari sai su haɗa kuɗi su kira ɗaya daga cikin wasu mayaƙa mata. An dasa musu naman dodon a jiki, shi ya sa suke jin motsinsa ko ya ɓuya a cikin taro. Jarumar labarin, Clare, ita ce lamba 47, ta ƙarshe a daraja. Mutanen da take ceto ba sa ƙaunarta, idanunta masu launin azurfa kaɗai sun isa a riƙa kiranta mayya.

Tun a labarin farko marubucin ya nuna inda ya dosa. Wani yaro, Raki, dodo ya kashe masa iyaye. Da Clare ta bi sawu, ashe dodon na cikin gidansu, ya shiga rigar wansa Zaki. Ta sare shi. Kana zaton mutanen gari za su rungumi marayan? Korarsa suka yi, wai wa ya sani ko shi ma dodo ne.

Mu ma muna da mai kashe dodo, amma namu labarin a juye yake. Macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda ake kira Sarki, kowa ya san inda yake, har an san ranar da yake bari a ɗebi ruwa, Juma'a. Bayajida ya zo da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya je da dare ya fille kan macijin. Da safe ba dodo ake nema ba, jarumi ake nema. Masu cika baki suka yi ta cewa su ne, sarauniya Daurama ta ce a kawo kai. Wanda ke da kan a jaka shi ne mai gaskiya. Wannan wurin ya fi burge ni a duk labarin: sarauniya ba ta karɓi kirari a madadin shaida ba.

Dodo mai ɓuya kuwa sai a tatsuniya. Wa bai ji labarin budurwar da ta ce ba ta auren mai tabo ba? Dodo ya rikiɗa ya zo mata a kyakkyawan saurayi, sai da suka yi nisa a daji ya koma kamanninsa. Kakanninmu sun san wannan tsoro tun kafin a haifi Yagi. Abin lura, zanen da aka bar mana a Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu, wanda masana suka fara nazari a shekarun 1950, yawancinsa shanu ne. Dodo a baki muka ajiye shi, ba a jikin dutse ba.

Inda abin ya daina zama nishaɗi shi ne zargin maita. Dubi yadda siffar ta zo ɗaya: maye mutum ne kamar kowa, ana cin tuwo da shi, amma wai akwai ƙanƙara a cikinsa, yana ganin kurwa, yana kamawa. Bambancin guda ne. A littafi, Clare tana jin dodon da gaske, in ta kai sara kuma gawar na komawa siffar dodo kowa ya gani. A unguwa fa? Shaidar ita ce yaro na cikin zafin zazzaɓi ya ambaci suna.

Ina ƙarami na ga haka da idona a wani ƙauye da ba zan faɗa ba. Yarinya ta kwana uku jikinta kamar garwashi, tana fizge-fizge, ta kira sunan wata tsohuwa mai ƙosai. Ai dole ta kira ta, kullum da safe wurinta ake aikenta. Kafin azahar an cika ƙofar gidan tsohuwar. Aka jawo ta, ɗankwali ya faɗi, aka ce ta tsallaka yarinyar ta saki kurwarta. Ta tsallaka tana kuka tana rantsuwa. Da yamma wani kawun yarinyar ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai. Ta warke. Masu zargi suka ce tsallakawar ce ta yi aiki.

Likitoci sun san wannan sambatu. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da sanƙarau, da taifot, duk suna iya rikita ƙwaƙwalwa, marar lafiya ya yi ta kiran duk wanda ya saba gani. Awannin da ake ɓatawa ana neman wanda ya kama kurwa su ne awannin da ya kamata a ce an kama hanyar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko asibitin da ya fi kusa. Dokar laifuffuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960 ta sa jifan mutum da maita cikin laifuffukan da ake ɗauri a kansu, Suratul Hujurati kuma ta yi hani da yawan zato. Kai, ko maharbin ƙauye ba ya sakin kibiya don ciyawa ta motsa, sai ya ga sawu, ya ga kashi, ya ga dabbar.

Yagi ya sa wa mayaƙansa doka mai tsauri: duk wadda ta kashe ɗan'adam, ko da ɗan fashi ne, hukuncinta kisa. Wadda kuma ta cika jan ƙarfin dodon da ke jikinta, ita ma sai ta rikiɗe ta zama abin da take farauta, har ta fi shi ɓarna. A ganina nan ne littafin ya fi gaskiya, domin taron da na gani a ƙofar gidan tsohuwar nan ba baƙi ba ne, mutanen da ake sallah sahu ɗaya da su ne.

Na miƙa wa ɗan wana wayarsa, na ba shi labarin mai ƙosai. Ya yi shiru, can ya ce, "Baffa, daga baya an ba ta haƙuri?" Na ce masa bayan sati biyu ta kife kaskonta, don ba mai saye. Kafin kaka ta tattara ta koma wurin 'yarta a wani gari can wajen Gwaram.